Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Adana Finafinai, Kaduna

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Aikin da ya fi cin lokacinmu a bana shi ne karɓo tsofaffin kaset na bidiyo daga gidajen jama'a. Mun zaga Tudun Wada, Kakuri da Barnawa, muka leƙa Zariya da Kagoro. Abin da aka miƙo mana ya wuce wasan kwaikwayo. Akwai hawan salla a Zazzau, da bikin Afan na ranar 1 ga Janairu, da Tuk-Ham na Kwoi, da bukukuwan aure inda tsofaffi ke waƙa da Hausa, Tyap, Jju ko Gbagyi. Da yawa cikin masu waƙar sun rasu.

Halin da kaset ɗin ke ciki kuwa sai addu'a. Wata hajiya ta jawo nata daga ƙarƙashin gado, damina ta riga ta taɓa su, fumfuna ta yi fari fat a jikin zaren. Sai an goge a hankali kafin a kunna, in ba haka ba na'urar ma ta lalace. Duk wanda ya ɗauku mun juye shi a kwamfuta, mun ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban, mun mayar wa mai shi kayansa. Faifan majigi da ya fara warin tsami mun ware shi gefe, don ruɓewa ce ta kama shi, kuma tana shafar na kusa.

Ranar 27 ga Oktoba, wadda UNESCO ta keɓe domin irin wannan gado, mun tattauna kan fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai da aka gano shi, aka gyara, aka haska a birnin Balin na ƙasar Jamus a 2018. To in irin wannan fim ya kusa salwanta, ina ga kaset ɗin bikin ƙauye? Ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos ba za ta iya bin gida-gida a Kaduna ba. Mu ne muka san ƙofofin.

Ɗaki mai sanyi na adana kaset da faifai dai har yanzu bai samu ba, kuɗin ƙungiya bai kai ba, ga matsalar wuta.

A baɗi, in Allah ya kai mu, za mu zauna da dattawa su faɗa mana su wane ne a cikin hotunan, a ina, a wace shekara. Duk mai na'urar kunna kaset da ke aiki, don Allah ya kawo wa sakatare kafin taro na gaba.