Wasiƙa daga Argungu: Yaya zan kare mabiyar cikina?

Assalamu alaikum Hajiya Likita, barka da aiki. Kullum ina sauraron shirinki, yau dai abin ya zo kaina.

Gidanmu a bakin fadama yake, maigida manomin shinkafa ne. Da damina sauro ko da rana ba ya ɗaga mana ƙafa. Shekara biyu da suka wuce na haifi namiji a wata takwas, ɗan mitsitsi, rigar da na ɗinka masa sai da aka naɗe ta biyu. Kwana tara ya yi ya koma. Ungozomar asibiti ce ta zaunar da ni ta ce ƙwayar maleriya takan ɓuya a mabiya, jinin da ta kama ya manne a wurin har ya kumbura, abinci da iska su kasa isa ga yaro yadda ya kamata. Abin da ya fi tsaya mini a rai, ta ce uwa tana iya yawonta lafiya lau ba zazzaɓi. Ni ma haka na yi wancan cikin, ko ciwon kai ban yi ba.

Yanzu cikina wata huɗu. Da na je awo suka ba ni Fansidar, maganin kariya daga maleriya, ƙwaya 3 na sha a gabansu, suka ce sai an maimaita bayan kowane wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Da Inna, mahaifiyar maigida, ta ji, sai ta ce maganin bature zafi gare shi, shi ke ɓarar da ciki. Ta hana ni komawa, ta jiƙa mini sassaƙe a kwalla. Wallahi ba mugunta ba ce, ita ta yi wa jikan nan wanka, ita ta fi kowa kuka. Maigida ya yi gum. Gidan sauron da aka ba ni ma yana can an killace 'yan tsaki da shi.

Ga kuma fitsari yana mini zafi yau kwana 4, na kuwa ji ana cewa ciwon sanyi yana haurawa ya taɓa mahaifa har faya ta fashe kafin lokaci.

Hajiya, in na tsallake wata ɗaya, wanda na sha ya tashi a banza ke nan? Jiƙon nan zai iya yi wa yaro illa? Kuma da wane baki zan shawo kan Inna ba tare da ta ga na raina ta ba? Tana jin shirinki in tana tsince shinkafa, don Allah ki yi magana yadda za ta gamsu.

Taki,
Wata 'yar'uwa daga Argungu, Jihar Kebbi