Roƙon Tallafi: Mu Rufe Zauren Bayan Majami'a Kafin Ruwa Ya Sauka

'Yan'uwa ƙaunatattu cikin Ubangiji, iyayenmu maza da mata, da abokan arziki na kusa da na nesa, muna gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Wannan takarda daga kwamitin gini ce na ƙaramar ikkilisiyarmu ta Metodis, mai sujada da Hausa a nan birnin Kano. Da roƙo muka zo, kuma gara mu faɗe shi tun daga bakin ƙofa: rufin zauren da ke bayan majami'a ya gama aikinsa, muna neman ku kama mana mu sauya shi kafin damina ta faɗi.

Waɗanda suke tare da mu a watan Agustan da ya wuce ba sa bukatar bayani. Sun ga bokitai da robobin wanki a jere a tsakiyar ɗaki. Sun ga yaran Makarantar Lahadi suna jan benci daga wannan lungu zuwa wancan, suna neman inda ba ya ɗiga. Wata Laraba da yamma hadari ya taso daga gabas ana tsakiyar taron Zumuntar Mata, kafin a ankara silin ɗin kusurwar da ake ajiye kekunan ɗinki ya jiƙe ya rufto. Allah ya kiyaye, ba wanda ke zaune a wurin. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba muka sa kafinta ya hau. Da ya sauko sai ya miƙa wa Baba Rabaran guntun katako, ya ce ya matsa da yatsa. Katakon ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Gara ta cinye rafta tun daga ciki, kwanon kuma tsatsa ta huda shi a duk inda ƙusa ta shiga. Shekara da shekaru muna faci da kwalta, yanzu babu inda facin zai kama. Abin da ya fi tayar mana da hankali a maganar kafintan shi ne iskar farkon damina, wadda duk ɗan Kano ya san ɓarnarta a watan Mayu. Ya ce idan ta same shi a haka, ba yoyo za mu yi kuka da shi ba, a gidan maƙwabta za mu je tsintar kwanonmu.

Wani zai ce ai ba majami'ar ba ce, zaure ne kawai. Gaskiya ne ranar Lahadi a cikin majami'a muke sujada, kuma rufinta lafiyarsa ƙalau. Amma sauran kwana shidan mako, a wannan zaure ikkilisiyar take zaune.

Da yamma idan an tashi daga makaranta, nan yara suke taruwa su yi aikin gida, matasanmu da suka gama sakandare da masu bautar ƙasa suna duba musu lissafi da Turanci ba tare da karɓar ko sisi ba. Ba mu taɓa tambayar yaro addinin gidansu ba kafin ya zauna, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi da iyayensu suka yarda suka turo su. Bayan magariba kuma ajin yaƙi da jahilci ne. Akwai wata uwa a cikinmu, ta haura shekara sittin, tana sayar da kayan miya a 'Yan Kaba. A wannan ɗaki ta fara riƙe fensir. Bara a sujadar godiyar kaka ita ta tashi ta karanta Zabura ta 23 da bakinta, tana bin layi da yatsa, a hankali, ba wanda ya taya ta. Da ta kai ƙarshe majami'a ta ɗauki guɗa, wasunmu kuma hawaye ya hana mu cewa amin. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma ga wannan baiwar Allah, sai a ƙarƙashin wannan rufi mai yoyo littafin ya buɗe.

A nan Zumuntar Mata suke koya wa gwauraye da 'yan mata ɗinki da haɗa sabulu da man shafawa. A nan mawaƙa suke gwaji daren Juma'a. A nan ake cin abincin biki, a nan ake zaman makoki idan gidan mamaci ɗaki ɗaya ne na haya, kamar yadda gidajen yawancinmu suke.

Akwai kuma hidimar da ba mu cika maganarta a bainar jama'a ba, ita ce ta masu jinya. Kano gari ne na asibitoci. Mutum zai taso daga ƙauye a Sumaila ko Rano ko Tudun Wada, wani daga Kudancin Kaduna ko Filato, ya kawo mara lafiyarsa Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko asibitin ido na ECWA. An ba mara lafiya gado, shi mai jinya bai san kowa a gari ba, ɗan kuɗin da ya ƙulla a bakin zani ya tafi a magani. Sai wani ya ce masa, je ka cocin nan, ba za su kore ka ba. Muna da tabarmi da gidan sauro a cikin akwati, mata kuma suna karɓa-karɓa wajen kawo tuwo. Wasu kwana biyu suke yi, wasu mako uku. A daminar da ta wuce, dole muka riƙa kwantar da baƙi a kan bencin majami'a, saboda ƙasan zauren ba ta bushewa. Wannan ya yi mana ciwo ƙwarai. Mutumin da ya wuni a tsaye a bakin gadon ɗansa ya cancanci wurin da zai miƙe bayansa.

Iyayenmu ne suka gina zauren nan da hannunsu, kuma ba masu kuɗi ba ne. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka kafa Sabon Gari, Kiristoci ma'aikata da 'yan kasuwa suke ta zuwa garin nan, kowa da harshensa. Namu iyayen daga baya suka zo: masu gadi, leburorin kamfanonin Bompai da Sharada, direbobi, ƙananan malaman asibiti, matan 'yan sanda, da Hausawa Kirista daga ƙauyukan jihar nan. Abin da ya haɗa su shi ne suna so su yi addu'a da harshen da suke mafarki da shi. Sun fara taruwa a tsakar gidan wani dattijo, daga nan rumfar zana, daga nan ɗakin da yanzu muke kira zaure. Shi ne majami'armu ta fari. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin yadda maza suke buga bulo da dare bayan an tashi daga aiki, mata suna ɗebo ruwa a ka, yara suna miƙa yashi a kwano. Mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Lokutan da gari ya rikice wasu suka koma garuruwansu, sau da dama maƙwabtanmu ne suka tsaya a bakin ƙofar nan suka ce ba mai taɓa ta. Ba mu manta ba, kuma ba za mu bari 'ya'yanmu su manta ba.

Da kwamiti ya zauna a kan yadda za a nemi kuɗin, an kawo shawarar a yi taron ƙaddamar da gidauniya, a buga kati, a gayyato babban baƙo da mai ƙaddamarwa. Mun tattauna sosai, daga ƙarshe muka ƙi. Mun taɓa gwadawa. An kashe kuɗi a rumfa da kujeru da lemo, an yi alkawura a lasifika an tafa, amma da aka je karɓa, abin da ya shigo bai kai rabin abin da aka ambata ba. Mafi muni, talakan da ya zo da ɗan abin da yake da shi ya ji kunyar fito da shi. Mu a ganinmu wannan ba hanyar gidanmu ba ce.

Hanyar gidanmu tana cikin tarihinmu. A 1739 Jon Wesli, wanda ya kafa Metodis, ya gina ɗakin taro na farko na 'yan Metodis a birnin Biristol ta ƙasar Ingila, ginin kuma ya bar bashi. A watan Fabrairun 1742 aka zauna neman mafita. Wani mai suna Kyaftin Foy ya ce kowane mutum ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako har a biya. Aka ce masa da yawa ba su da ko kwabon. Sai ya ce a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya mafi talauci, zai riƙa zuwa wurinsu kowane mako, wanda ya samu ya bayar, wanda bai samu ba shi zai cika masa. Wasu ma suka ɗauki irin wannan nauyi, aka raba jama'a kashi-kashi, kimanin sha biyu-sha biyu. Masu zagayen karɓar kwabo sai suka fara ganin abin da ba a gani daga kan bagade: wane ba shi da lafiya, wance ba a ɗora tukunya a gidanta ba, wane da matarsa ba sa magana. Daga nan tsarin aji ya samo asali, wannan ajin da kowannenmu yake cikinsa yau da shugabansa. Shekara ɗari cif bayan haka, ranar 24 ga Satumba 1842, ɗan mishan Tomas Firiman ya sauka a Badagiri, kusa da Legas, da wannan bishara da wannan tsari, kuma a 1962 Ikkilisiyar Metodis ta Najeriya ta tsaya da ƙafarta. Ke nan mu 'ya'yan ikkilisiyar da kwabon talaka ya raya ne.

Don haka tun daga sujadar sabunta alkawari ta Lahadin farko ta shekara, kowane aji ya buɗe littafi. Kowa yana ba shugaban ajinsa abin da ya sawwaƙa a mako, ban da zakka da baiko na kullum, kuma ba a kiran sunan kowa ko adadinsa a gaban jama'a. Wasu 'yan'uwa sun bi sawun Foy, sun ɗauki nauyin tsofaffi da gwaurayen ajinsu a asirce. Zumuntar Mata sun kawo ribar sabulunsu ta wata uku. Matasa sun ce aikin lebura duka nasu ne, daga sauke tsohon kwano har kwashe shara. Kafintoci biyu a cikinmu sun yafe kuɗin hannunsu. Da abin da aka tara mun sayi katako, tubaifo da tubaitu, an shafe shi da maganin gara, yana jingine a inuwa.

Nan ƙarfinmu ya tsaya, shi ya sa muka fito waje. Hausawa suka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kuwa jinka ce ta gaske a gabanmu. Yawancin mutanenmu masu neman na yau ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin adaidaita sahu da kwanon masara sun cinye ɗan rarar da suke samu. Abin da ya rage shi ne mafi tsada: kwanon rufi, ƙusoshi, silin, siminti da yashi don ɗaure kan bango da gyara daɓen da ruwa ya farfasa, da sabuwar wayar wuta, domin tsohuwar ta sha ruwa har mun cire ta don gudun gobara. Idan Allah ya hore, muna so mu sa indararo da tanki mu riƙa tarar ruwan sama, amma wannan sai bayan an rufe.

Da gangan ba mu rubuta farashi a takardar nan ba, saboda kuɗin kayan gini ba ya kwana inda ya wuni. Kowace Asabar mutum biyu daga kwamiti suna zuwa kasuwa su jiyo farashi, a liƙa a allon sanarwa. Bandir ɗaya na kwano falle 20 ne. Mai iya bandir ya ɗauki bandir, mai iya falle ɗaya ya ɗauki falle ɗaya, abokai biyar su haɗu a kan buhun siminti. Wanda ya fi son ya sayo kayan da kansa, ya fara tuntuɓar mu don kwanon ya zo iri ɗaya da kauri ɗaya. Mai mota ko kurkura da zai taimaka da dako, mai sana'ar wayar wuta da zai ba mu yini ɗaya, duk muna maraba.

Muna kira musamman ga 'ya'yan gidan nan da aiki ko aure ya kai Abuja, Kaduna, Jos, Legas ko ƙasar waje. A wannan ɗaki kuka haddace Addu'ar Ubangiji, a nan aka yi muku ajin baftisma, wasunku a nan kuka fara haɗa ido da wadda take ɗakinku yau. Ƙannenku ne suke zaune a kan benci ɗaya da kuka zauna. Ku tuna da mu, ku kuma miƙa takardar nan ga waɗanda ba mu da lambarsu.

Game da amana, ga yadda muka tsara. Kuɗin rufi asusunsa daban a banki da sunan ikkilisiya, ba da sunan wani mutum ba, kuma ba ya fita sai da sa hannun mutum uku: Baba Rabaran, ma'aji, da shugabar Zumuntar Mata. Duk wanda ya ba da wani abu, ko falle ɗaya ne, za a ba shi rasit. Lahadin farko ta kowane wata ma'aji zai karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, littafin kuma a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Kada ku ba kowa kuɗi a hanya da sunanmu. Na gida su bi ta shugaban ajinsu, na nesa su nemi lambar asusun daga ofishin ikkilisiya ko bakin ma'aji kai tsaye. Idan wani abu ya ragu bayan an gama, taron ikkilisiya ya riga ya amince a sayi katifu da ƙarin gidan sauro don masu jinya.

Muna so mu sauke tsohon rufi a mako na biyu bayan Ista, a gama bugawa kafin ƙarshen Afrilu. Kafinta ya ce ba zai cire ko ƙusa ɗaya ba sai ya ga kwano a ƙasa, kuma mun ba shi gaskiya. Kafin lokacin, darasin yara da ajin dare sun koma cikin majami'a, kekunan ɗinki kuma suna gidan Mama shugaba. Kowace Laraba da ƙarfe biyar na yamma muna addu'a domin wannan aiki, mai iya zuwa ya zo, na nesa ya tsaya tare da mu a inda yake.

Ubangiji ya sa albarka a aikin hannuwanku, ya mayar muku da ninki.

Naku cikin hidimar Almasihu,
Kwamitin Gini, a madadin Baba Rabaran da dukan ikkilisiya