Agbada ta Yarabawa da halin da babbar rigarmu take ciki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ni maɗinki ne a Jega, kuma ina neman fili in yi magana kan agbada, rigar da mazan Yarabawa ke ɗorawa a kan taguwa da wando.

Wani abokin cinikina ɗan Oyo ya kawo mini rigar mahaifinsa in gyara wuyanta. Saƙar hannu ce da suke kira aso-oke, ƙyalle sirara an haɗa su ɗaya bayan ɗaya, baƙin shuni da ɗigon fari kamar gashin zabo. Su etu suke ce masa, mu kuwa saƙi ne da kakanninmu suka sa. Suna da sanyan na zaren tsamiya, da alaari ja. Har gobe masaƙan Iseyin da Ilori suna kan aikinsu, domin Bayarabe ba ya yarda a yi babban biki ko naɗin sarauta babu wannan saƙa. Dangi su haɗa kuɗi, masaƙi ya samu na abinci.

Mu fa, Malam Edita? Ango ya sayi shadda ta waje, a buga mata aikin inji, shi ke nan. Yaran da ke koyon sana'a a wurina babu wanda ya iya aska takwas da allura, kuma ban ga laifinsu ba, tunda mai saye ya yi ƙaranci. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Ina roƙon masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru su riƙa sayen rigunan naɗi daga hannun masaƙa da maɗinkanmu na gida.

Naku,
Maɗinki daga Jega, Jihar Kebbi