Poroje ya tashi, allo ya rage

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shekara shida na yi ina aikin sa-kai a wani ƙauye kusa da Mirriya, ina auna damtsen yara da ɗan zaren nan mai kore da rawaya da ja. Wanda ya faɗa ja, sai mu tura uwarsa likita ta karɓo abincin tamowa, wannan na gyaɗa da madara da ke cikin leda. Wata ƙungiyar waje ce ke ɗaukar nauyin aikin. Ran nan aka tara mu, aka ce kuɗi sun yanke, a mayar da babura. Iyaye mata ba su daina zuwa ƙofar gidana ba, ni kuwa zaren kawai ya rage mini.

Ba mu kaɗai ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa da Tarayyar Turai sun dakatar da tallafin da suke ba gwamnatin Nijar. A Janairun 2025 kuma shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90, a farkon Yulin shekarar kuma aka rufe USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi. Wato zaɓen da aka yi a Amurka ya shafi kunun yaro a Magariya.

Ban zo butulci ba. Wanda ya ga yunwar 2005 ya san rayukan da ƙungiyoyin nan suka ceta. Amma poroje shekara uku ne ko biyar, tamowa kuwa duk damina tana nan, lokacin da rumbu ya ƙare gero bai nuna ba. A bi hanyar Tanut a ƙirga allunan poroje da suka yi tsatsa, da famfunan da suka mutu saboda ɗan ƙarfen da bai kai jika goma ba.

Muna da matatar mai tun 2011. Muna da attajiran Kasuwar Dole masu fitar da zakka duk shekara, ga gyaɗa muna nomawa. Ina roƙon ka gayyato shugabannin ƙananan hukumomi cikin shirinka, ka tambaye su nawa kowace ƙaramar hukuma ta ware wa tamowa da gyaran famfo a kasafin bana. Su faɗi adadin da bakinsu, muna saurare.

Naka mai sauraro,
daga unguwar Birni, Damagaram