Kafin Ku Turo Min Dalolinku In Saya Muku Katin Besbol

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, in amsa wa mutane da yawa a lokaci guda, ko na huta da maimaita magana ɗaya a waya.

Shekarata goma sha tara a birnin Pittsburgh na Amurka, ina tuƙin motar bas. Abokaina sun san ina tara katunan 'yan wasan besbol, wasan nan da ake jefo ƙwallo a maka mata kulki a zuba da gudu. Tun watan Agustan 2022, da aka yi gwanjon katin 1952 na Mickey Mantle, shahararren ɗan wasan besbol, a kan dala miliyan 12.6, wayata ba ta huta ba. Duk sanda labarin ya sake zagayowa a WhatsApp sai an kira ni. Wasu tambayarsu ita ce ko Amurkawa suna cikin hankalinsu, kuma waɗannan ba ni da ja da su sosai. Wasu kuwa cewa suke za su turo dala ɗari biyar in saya musu "irin wannan ɗin" in ajiye. Su nake yi wa wannan wasiƙa.

Da farko, ba katin karta ba ne. Ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba, inci 2.5 a faɗi, 3.5 a tsawo. A gaba hoton ɗan wasa, a baya lissafin abin da ya yi shekara bayan shekara. Kamfanonin taba ne suka fara cusa su cikin kwalin sigari. Daga nan aka samo katin Honus Wagner, ɗan wasan ƙungiyar Pirates ta nan garinmu, wanda kamfanin American Tobacco ya buga tsakanin 1909 da 1911. An tsayar da buga nasa da wuri, shi ya sa waɗanda aka sani a duniya yau ba su wuce hamsin zuwa sittin ba, kuma an sayar da guda a kan dala miliyan 7.25 a 2022. Daga baya masu cingam suka karɓi harkar, musamman Topps na Brooklyn. Yaro ya ba da ƙwandalarsa, ya tauna cingam, kati kuma gyara ne.

A wannan gyaran maganar take. Maƙwabcina wani dattijo ne da ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe, ni dai Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Ya ce da suna yara, maƙala katin suke yi a jikin wayoyin ƙafar keke don ya riƙa ƙara kamar babur. Suna wurga su jikin bango, wanda nasa ya fi kusa ya kwashe. Sauran a ɗaure da roba a cusa cikin kwalin takalmi. Ranar da ya tafi aikin soja mahaifiyarsa ta yi shara, ta haɗa da kwalin. Duk dattijon da ka tambaya a wajen baje kolin katuna, labarin ke nan, sai dai sunan uwar ya bambanta. Shi kansa katin Mantle yana cikin rukunin ƙarshe na 1952, wanda ya fito a makare, kakar wasa ta kusa ƙarewa, bai samu kasuwa ba. Sy Berger, ma'aikacin Topps da ya tsara katunan, ya sha ba da labarin yadda aka loda ragowar a jirgin ruwa bayan wasu shekaru aka juye su a tekun Atlantika. Wato abin ya yi tsada ne saboda a lokacinsa ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai.

Da mutane suka farga, wajen 1987 zuwa 1994, kowa ya zama mai wayo. Iyaye suka riƙa sayen kwali-kwali, ba a ko buɗewa, a kai ɗakin ƙasa a ajiye wa yaro kuɗin jami'a. Kamfanoni kuwa suka ga kasuwa ta buɗe, suka sakar wa injin mara. Yajin aikin 'yan wasa na 1994, wanda ya sa ba a buga gasar World Series ba, wato wasannin ƙarshe na fitar da zakaran shekara, ya zo ya ƙarasa kasuwar. Har yau masu harkar suna kiran katunan wannan zamanin tarkace.

Ni ban san haka ba sai da na biya kuɗin makaranta. Wata Asabar na tsaya ƙofar wani gida da suka fito da tsofaffin kaya suna sayarwa, na hango kwali shida na 1988 da 1990, ledarsu ko ƙwarzane babu. Aka ce dala 300. Ban ko taya ba, gudun kada mai gidan ya gane kuskurensa. Hanyar gida ina ta lissafin abin da zan gina. Da na kai wa wani mai shagon katuna, ko tashi daga kujerarsa bai yi ba. Da haɓa ya nuna min bayan ƙofa, inda irinsu suke jibge har kusan rufi, ya ce zai ba ni dala 25 don dai kar in koma da kaya. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Maiɗakina ta yi wata guda in za ta tambaye ni kuɗin cefane sai ta ce, "Ko a buɗe kwali ɗaya ne?"

Na buɗe su kuwa, ni da ɗana, a kan darduma, dare bayan dare. Cingam ɗin ciki ya bushe ya zama kamar fasasshen tangaran, ya kuma bar tabo a bayan katin da ya kwanta a kai, wanda yana cikin abin da ya sa Topps ya daina saka shi daga 1992. A nan ne, cikin asarar dala 275, abin ya shiga raina.

Masu son turo kuɗi su kuma san cewa sunan ɗan wasa kaɗai ba ya sayar da kati. Akwai kamfanonin tantancewa irin su PSA, wanda aka kafa a 1991. Za su sa katinka ƙarƙashin gilashi su duba kusurwa huɗu, da gefe, da fuskar, da ko hoton ya zauna daidai a tsakiya, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe cikin roba mai tauri. Na taɓa aika katin Ken Griffey Jr. na kamfanin Upper Deck na 1989, lamba 1, wanda a idona ba shi da makusa. Ya dawo da 7. Sai da na ɗauko gilashin kaina na ga kusurwar hagu ta ƙasa ta ɗan yi fari, bai kai ƙwayar gero ba. Mai maki 10 ana maganar dubban daloli, nawa da ƙyar ya mayar da kuɗin tantancewa da na gidan waya. Kuma inda kuɗi yake, mugu na nan. Ana aske gefen kati da reza don ya yi kaifi, ana shafa masa launi. Katin Wagner da Wayne Gretzky, shahararren ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara, da abokinsa suka saya dala 451,000 a 1991, wanda shi ne na farko da PSA ya tantance, daga baya wani dillali ya amsa a gaban kotu cewa ya aske shi. In an yi wa masu wannan kuɗin haka, ina ga ni da kai?

Abin da ya fi damuna shi ne sabon salon da ya bazu tun zaman kullen korona. Mutum zai kunna kyamara a intanet da kwali mai tsada a gabansa, mutum talatin su biya, a raba musu ƙungiyoyi talatin na gasar ta hanyar ƙuri'a, ya riƙa farke fakiti yana ihu. Wanda aka ci sa'a katin ƙungiyarsa ya fito ya ɗauka, saura su tashi hannu rabbana. Kowa ya kira shi sunan da ya ga dama, ni dai caca na gani, kuma na hana ɗana.

Abin da nake yi yanzu ba ya cin dala ashirin a wata. Ina haɗa jerin Topps na 1973, katuna 660, ɗaya bayan ɗaya, ba na neman masu maki. Yawanci musaya ce, ba ni gishiri in ba ka manda: ina da biyu na wannan, kai kana da biyu na wancan. Ranar Lahadi Baba kan zo da 'yar takardarsa ta lambobin da yake nema, ni ma in fito da tawa, mu baje a teburin kicin, a sha shayi, a yi ta gardama. Rabin Turancin da nake ji na mutanen garin nan a wannan teburin na koye shi.

Shi ya ba ni katin Roberto Clemente, ɗan wasan Pirates, na wannan jerin, lamba 50. Ya karye a tsakiya, kusurwoyinsa sun lanƙwashe, wani yaro ma ya taɓa rubuta harafi da biro a gefensa. Ya juya min bayansa, ya ɗora yatsa a layin ƙarshe: bugun ƙwallo mai nasara 3,000 cif. Clemente ya cika wannan adadi a ƙarshen kakar 1972, sannan ranar 31 ga Disamba ya hau jirgin sama da kayan agaji zuwa ga waɗanda girgizar ƙasa ta shafa a Nikaraguwa, jirgin ya faɗa teku jim kaɗan da tashinsa daga Puerto Rico. Katin ya fito bayan rasuwarsa. Baba ya yi shiru, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Na tambaye shi me zan ba shi a madadi, ya ce in share masa ƙanƙarar ƙofar gida idan hunturu ya zo. Hunturu uku ke nan ina sharewa, bai ce bashin ya ƙare ba, ni ma ban tambaya ba.

Don haka, 'yan uwa biyu da suka riga suka turo kuɗi ba tare da sun jira amsata ba, ku duba asusunku, na mayar muku tun ranar Talata. Ni kuwa saura min katuna 41 jerin ya cika, ciki har da lamba 615 mai ɗauke da Mike Schmidt, wanda Baba yake da shi guda biyu amma ya rantse sai na gyara masa rufin gareji.

Na gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani direban bas, mai karatunku daga Pittsburgh, Amurka