Wasiƙa daga Tallahassee: labarin Lamba Sha Ɗaya

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara masa sauƙi. Mu nan Florida sai godiya, zafi ne kawai da gumi, iska ba ta busar da komai.

Na tuna musun da ka saba yi a majalisa, cewa kocin da bai ɗauki kofi ba bai yi komai ba. To ga wani mutum na kawo maka, ka yanke masa hukunci. Sunansa Mike Martin, kocin ƙungiyar besbol, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, ta Jami'ar Jihar Florida da ke garin nan. Mutanen gari ba sa ma kiran sunansa, lambar rigarsa suke kira, Sha Ɗaya. Ya karɓi aikin a 1980, bayan maigidansa Dick Howser ya tafi horar da Yankees ta New York, bai sauka ba sai 2019. Shekara 40 ke nan a kujera guda, ya ci wasa 2,029, kuma babu kocin jami'a a Amurka da ya taɓa kai haka. Kafin shi Augie Garrido ke riƙe da kambun da wasa 1,975, sai Martin ya wuce shi a watan Mayu na 2018.

Amma kofin ƙasa bai taɓa shiga hannunsa ba.

Ka san yadda abin yake? Ƙungiyoyi 64 ake zaɓa, a yi ta tankaɗe da rairaya har a rage takwas, su ne za su haɗu a Omaha ta jihar Nebraska cikin watan Yuni. Martin ya kai yaransa Omaha sau 17. Sau biyu ya je wasan ƙarshe: a 1986 Arizona ta lallasa su, a 1999 kuma Miami, maƙwabtansu kuma abokan hamayyarsu, suka doke su da 6 da 5. Wannan ta 1999 ita ce tsofaffin garin ba sa son a tayar musu. Shi Garrido da aka wuce ɗin kofi biyar gare shi, uku a jami'ar Fullerton, biyu a ta Texas. Na san yanzu kana murmushi kana cewa magana ta ƙare.

Dakata tukuna. Kocin jami'a ba kamar kocin Arsenal ɗinka ba ne, da zai buɗe jaka ya sayi wanda yake so. A yawancin zamanin Martin, doka ta ba kowace ƙungiya gurbin tallafin karatu 11.7 ne kacal, a yanka a raba wa yara sama da ashirin, wani ya sami rabi, wani rubu'i, iyaye su cike sauran. Sai ka sha wahala ka lallashi yaro tun yana sakandare, ya yi maka alkawari, rana tsaka ƙungiyar ƙwararru ta ajiye masa daloli ya bi ta. Wanda ya zo kuma, da zarar ya nuna, bayan shekara ta uku an ɗauke shi. Aikin kamar na mai kiwon da duk shekara sai an zo an kwashe masa manyan shanu, ya koma kan maruƙa. A haka mutumin nan bai taɓa yin kakar da ya ci ƙasa da wasa 40 ba, kuma ba a taɓa yin gasar ƙasa babu shi ba a shekarun nan 40.

Ido gare shi. Buster Posey ya zo yana tsaron cikin fili, aka mayar da shi mai tsugunawa bayan mai duka yana cafe ƙwallo, matsayin da ya fi kowane cin gwiwa. A nan ya zama tauraro, ya ɗauki kofin ƙwararru sau uku da Giants ta San Francisco. Deion Sanders da J.D. Drew, su ma fitattun 'yan wasa, duk sun bi ta hannunsa.

In Allah Ya kawo ka, zan kai ka filin, wanda yanzu sunansa ke jiki. Sandar da 'yan jami'a ke duka da ita ta ƙarfe ce, ba ta itace ba irin ta ƙwararru, don haka in ta haɗu da ƙwallo sai ka ji ƙau, har wajen ajiye motoci. Akwai kuma wasu 'yan ga-ni-kashe-ni a wani sashe na 'yan kallo, da an kai zagaye na biyar sai su miƙe su rera taken ƙasar Kanada, a tsakiyar Florida. Ranar da na fara gani sai da na waiga ko baƙi aka yi.

Kakarsa ta ƙarshe da ƙyar aka saka su cikin 64 ɗin. Suka je gidan Georgia suka fitar da ita, suka je gidan Jami'ar Jihar Louisiana suka yi haka, sai ga su a Omaha. Suka ci Arkansas ɗaya da nema, gari ya ɗauka wannan karon Allah Ya kawo. Michigan ta doke su, Texas Tech ta sallame su. Ɗansa ya gaje shi, amma a 2022 jami'a ta sallame shi, ka ga gadon ba ya zuwa da haƙurin mutane. Shi tsohon ya mutu a farkon Fabrairun 2024, yana gab da cika 80.

Ni dai in ni ke da jami'a, Martin zan ɗauka, in haƙura da kofin. Ina jiran hujjarka, kuma kada ka kawo mini zancen Wenger, shi ai ya ɗauka.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata yajin ya iso lafiya, har ya kusa ƙarewa. Ka shafa mini kan yara.

Naka har kullum,
Abokinka na Tallahassee