Wasiƙa Kan Farin Jinin Waɗanda Ba Su Shiga Takara Ba Tukuna

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya, Allah Ya sa haka, amin. Wasiƙarka ta iso, tare da sakamakon ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a da ka haɗo mini game da mutanen da ake kyautata zaton za su nemi kujerar shugaban ƙasa a zaɓe mai zuwa. Na ga layi biyu da ka ja a ƙarƙashin sunan gwaninka, na kuma ga tambayar da ka rubuta a gefe, wai ko yanzu na yarda magana ta ƙare. Da gangan na jinkirta amsa, domin ban so ta zama irin musun da muka saba yi, wanda kowa ke tashi da abin da ya zo da shi. Gaskiyar magana ban yarda ba, kuma ina roƙon ka yi haƙuri ka karanta dalilina har ƙarshe.

Jerin sunayen na fara dubawa kafin alƙaluman, sai na ga mafi yawansu ba su fito sun ce suna so ba, har da gwanin naka. Mutumin da bai shiga takara ba yana da wata alfarma da ɗan takara ba ya da ita, wato kowa na iya rataya masa abin da yake fata. Wanda tsadar rayuwa ta dama yana ganin shi ne zai sauƙaƙa ta, mai kukan yawan haraji yana ganin shi ne zai rage, ma'aikaci yana ganin shi ne zai ƙara albashi, kuma babu wanda ya tilasta masa ya faɗi wadda zai fifita idan waɗannan buƙatu suka ci karo da juna. Abokan hamayya ba su fara tona tarihinsa ba, 'yan jarida ba su titsiye shi ba, bai ma zaɓi mataimaki ba balle ya ɓata wa ɓangarorin da ya tsallake rai. Ranar da ya ce yana so, ranar ce wannan alfarma take fara zagwanyewa.

Misalin da ya fi zama mini a rai shi ne na Sanata Edward Kennedy na Amurka, ƙanen marigayi Shugaba John Kennedy. A shekarar 1979 Jimmy Carter ne ke mulki, hauhawar farashi da dogayen layukan man fetur sun sa jama'a sun ƙosa da shi, kuma a tsakiyar shekarar ƙuri'un jin ra'ayi sun nuna 'yan jam'iyyar Democrat sun fi son Kennedy a kan shugaban nasu da kusan ninki biyu. Ranar 4 ga Nuwamba gidan talabijin na CBS ya watsa hirar da Roger Mudd ya yi da shi, inda aka yi masa tambayar da kowane mai neman mulki ya kamata ya kwana da amsarta, wato me ya sa yake son zama shugaban ƙasa, sai ya yi ta kame-kame. A wannan ranar ce kuma ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran suka yi garkuwa da ma'aikatansa, Amurkawa suka koma bayan shugabansu kamar yadda akan yi idan hankali ya tashi. Kennedy ya ayyana takararsa ranar 7 ga watan, nan da nan maganar hatsarin Chappaquiddick na 1969, wanda wata mata ta rasu a motar da yake tuƙawa, ta dawo bakin mutane. A watan Janairun 1980 Carter ya yi masa mummunan kaye a zaɓen fidda gwani na jihar Iowa, daga bisani ya riƙe tikitin jam'iyya.

Abin da nake so ka lura da shi a labarin nan shi ne, waɗancan ƙuri'u na 1979 ba ƙarya suka yi ba. Jama'a sun gaji da Carter da gaske, shaida kuwa ita ce Ronald Reagan ya kayar da shi a watan Nuwamban 1980. Gajiyar suka auna daidai, sai masu karatu suka ɗauke ta a matsayin ƙaunar Kennedy. Ina tsoron kada abin da ka ja wa layi ya zama irin wannan, domin wanda ya gaji da mai mulki, idan aka miƙa masa jerin sunaye, sunan da ya fi sani zai nuna.

Sanin suna ɗin nan kuwa shi ne rabin abin da ake aunawa idan zaɓe yana da nisa. Rudy Giuliani, wanda duniya ta san shi a matsayin magajin garin New York lokacin harin 11 ga Satumban 2001, ya shafe mafi yawan shekarar 2007 yana gaba a tsakanin 'yan Republican, amma ya janye a ƙarshen Janairun 2008 ba tare da ya ci jiha ko ɗaya ba. A ɗaya ɓangaren Hillary Clinton ce ke gaba da rata mai yawa, sai ga Barack Obama da tikiti. Shi kansa Carter, a 1975, tsohon gwamnan Georgia ne wanda da ƙyar ake ganin sunansa a ƙasan jeri.

Akwai kuma tambayar da takardar taka ba za ta iya amsawa ba, ita ce ko waɗannan mutane za su kasance a kan takardar ƙuri'a ranar zaɓe. Jama'a ake tambaya, amma a ƙasashe da yawa wakilan jam'iyya ne ke fidda gwani, su kuwa lissafinsu daban ne da na mai zaɓe. Bayan jam'iyya ga kotu, ga rashin lafiya, ga abin kunya da kan fallasa ba zato. Dominique Strauss-Kahn, shugaban Asusun Lamuni na Duniya (IMF) a lokacin, yana gaba a ƙuri'un jin ra'ayi a Faransa har zuwa watan Mayun 2011 da aka kama shi a New York, François Hollande ya zama shugaba a 2012. A Senegal, Ousmane Sonko ne matasa suke kira, aka hana shi tsayawa saboda hukuncin kotu, ya tsayar da Bassirou Diomaye Faye, wanda ya fito daga kurkuku ranar 14 ga Maris na 2024, aka yi zaɓe ranar 24 ga watan, ya lashe a zagayen farko da kashi 54 cikin ɗari. Shekara ɗaya kafin nan, mutum nawa ne za su ambaci sunansa idan an tambaye su wanda suke so? A Amurka ma an daɗe ana auna Joe Biden da Donald Trump, sai Biden ya janye ranar 21 ga Yulin 2024, Kamala Harris ta maye gurbinsa.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi ganin ka tsallake. Gwaninka yana gaba ne a cikin jeri mai sunaye da yawa, kuma zama na ɗaya a cikin mutum goma bai nuna yadda za ta kaya ba idan suka koma biyu ko uku. Abin tambaya shi ne, magoya bayan sauran, ina za su nufa idan nasu ya faɗi ko ya janye? Zaɓen Faransa na 2002 ya koyar da wannan darasi da zafi. Kowa ya ɗauka Shugaba Jacques Chirac da Firayim Minista Lionel Jospin ne za su kara a zagaye na biyu, saboda haka masu ra'ayin gurguzu da 'yan uwansu na hagu suka saki jiki, kowa ya ba wa ƙaramin ɗan takarar da ya kwanta masa a rai, da niyyar komawa ga Jospin daga baya. 'Yan takara 16 ne suka tsaya ranar 21 ga Afrilu. Chirac ya sami kashi 19.9, Jean-Marie Le Pen mai tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi ya sami 16.9, Jospin ya sami 16.2, ya faɗi da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 200,000 ba, alhali Christiane Taubira kaɗai, wadda ɓangarensu ɗaya, ta kwashi sama da 600,000. Da aka je zagaye na biyu Chirac ya sami kashi 82. Mutumin da bai kai kashi 20 ba ya koma 82 cikin mako biyu, ba don Faransawa sun wayi gari suna ƙaunarsa ba, sai don sun san wanda ba sa so. Tun daga nan nake ganin tambayar "wa ba za ka taɓa zaɓa ba" ta fi tambayar "wa kake so" amfani, kuma ban ga an yi ta a takardar da ka aiko ba.

Zaɓen Najeriya na 2023 ya nuna wata fuskar ta wannan lissafi. Atiku Abubakar da Peter Obi tikiti ɗaya suka tsaya a 2019, Rabi'u Musa Kwankwaso ma yana jam'iyyar PDP a lokacin, amma a 2022 kowa ya kama gabansa. Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku ya sami miliyan 6.98, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Ba ina cewa da sun haɗu dole ƙuri'unsu su haɗu ba, domin mai zaɓe ba kaya ba ne da za a ɗauka a miƙa wa wani, amma ka ga yadda rabuwar mutum uku ta sauya ma'anar duk wani awo da aka yi kafin su rabu. Ka ƙara da cewa mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fita ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, kuma wasu ƙuri'un jin ra'ayi da aka yi ta yaɗawa kafin zaɓen, Obi suka nuna a gaba. Amsa tambaya ta waya abu ne mai sauƙi, tsayawa a layin rumfar zaɓe kuwa sai wanda ya ƙudura.

Game da alƙaluman kansu ba zan tsawaita ba, tunda ka fi ni sanin lissafi. Idan mutum dubu aka tambaya, kuma an zaɓo su yadda ya kamata, kuskuren da ake tsammani yakan kai maki uku sama ko ƙasa, saboda haka ratar maki biyu ko uku tsakanin mutum biyu kusan kunnen doki ce. Yawan waɗanda aka tambaya ma ba ya gyara komai idan an zaɓo su a karkace. A 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshi sama da miliyan biyu, akasari daga masu tarho da masu mota, ta ce Alf Landon zai ci, sai Franklin Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Sannan dokar cin zaɓe ba ɗaya ba ce ko'ina. A Amurka wakilan jihohi ne ke zaɓen shugaba, 270 cikin 538 ake nema, shi ya sa Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'a kusan miliyan uku a 2016 amma ta faɗi. A Najeriya sai an haɗa rinjayen ƙuri'a da kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi, a Kenya kuma sai an haura rabi tare da kashi 25 a gundumomi 24 cikin 47. Jimillar ƙasa baki ɗaya ba ta gaya maka inda magoya bayan suke zaune ba, a dunƙule suke a wuri guda ko a warwatse.

Kada ka ɗauka ina cewa ka yaga takardar. Na yarda tana da tasiri, har ma tasirinta ya fi gaskiyarta yawa, domin masu kuɗi suna dubanta kafin su buɗe aljihu, manyan jam'iyya suna dubanta kafin su karkata, 'yan jarida kuma suna bin wanda ta ɗaga, ta haka wanda aka ce yana gaba yakan sami abin da zai ƙara yin gaba da shi. Takan kuma tsorata wasu su fasa. A farkon 1991, bayan yaƙin Tekun Fasha, farin jinin George Bush babba ya kai kashi 89, manyan 'yan Democrat da dama suka noƙe, gwamnan ƙaramar jihar Arkansas, Bill Clinton, ya shiga, shi ne kuma ya ci a 1992. Saboda haka murnarka tana da tushe, gwaninka ya hango Dala, sai dai ka san abin da aka ce game da hangenta da shiga birni.

Ga roƙona. Shafi ɗaya ka aiko mini, wanda ke ɗauke da jerin sunaye da makinsu, ina so ka nemo mini sauran. Ina son ganin wanda ya biya kuɗin aikin, da yadda aka tsara tambayar kalma da kalma, ko an karanto wa mutane sunayen ne ko an bar su sun faɗa da kansu, da adadin waɗanda suka ce ba su yanke shawara ba tukuna, domin sau da yawa su ne suka fi kowane ɗan takara yawa. Idan an tambayi zaɓi na biyu, wannan shafin na fi buƙata. In kuma kamfanin da ya yi ta ya taɓa yin irinta watannin baya, ka haɗo da ita mu ga ko gwanin naka hawa yake yi ko sauka. Idan na duba na ga masu cewa ba za su taɓa zaɓensa ba 'yan kaɗan ne, kuma shi ne zaɓi na biyu ga magoya bayan manyan abokan takararsa, zan rubuto maka in amsa cewa ka fi ni hangen nesa, ba tare da na jira ranar zaɓe ba.

Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara da kyau, da duk wanda ya tambaye ni. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini.